Filtar iskar mota a ƙurar Abuja: Alƙawarin rage shan mai da abin da gwaji ya nuna

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin ma'aikacin gwamnatin tarayya mai mota ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, ta zama 617 a watan Yuli, sannan ta haura naira dubu a Oktoban 2024. A farashin wancan lokaci, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai isa ya cika tankin Camry mai cin lita 70 ba.

A irin wannan hali, duk abin da aka ce yana rage shan mai ba ya rasa mai saye. Cikin kayan da suka samu shiga akwai filtar iska ta musamman, wadda ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya yi ta ba. Wata mai siffar mazurari ce, ja ko shuɗiya, da ake ɗaurawa bayan an cire akwatin filta na asali ɗungurungum. Wata kuma shafaffiya ce mai shiga cikin akwatin kamar ta asali, sai dai da auduga mai ɗan jiƙe da mai aka yi ta maimakon takarda. Ana samun su a shagunan kayan gyara na Apo da Zuba, ana kuma tallata su a intanet, kuma alƙawarin kusan ɗaya ne ko'ina: mota za ta ƙara ƙarfi, za ta rage shan mai, kuma an gama sayen filta ke nan, sai dai a wanke a mayar.

Maganar ta shafi ma'aikacin tarayya kai tsaye. Tun 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida da mota kuɗi a cikin albashi, ma'aikata da dama da motar kansu suke zuwa sakatariya, kuma galibi 'yar Kwatano ce da ta riga ta sha tafiya kafin ta iso. Idan injinta ya buga, ba ofishin da zai gyara. Hadiman manya kuwa, su ne ke sa hannu a takardar sabis ɗin motocin ayari, su ne kuma ake tambaya ranar da Hilux ta tsaya a hanyar Lokoja.

Abin da inji ke shaƙa

Mutane sun fi lura da man da mota ke sha, domin shi ake biya. Amma inji ya fi shan iska nesa ba kusa ba. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka juya wannan zuwa ma'aunin lita, litar fetur guda takan tafi da iska kimanin lita dubu tara zuwa dubu goma. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Kubwa da tsakiyar birni, yana ƙona lita 40 a mako, injinsa ya shaƙi iskar da ta haura lita 360,000 kafin Juma'a ta zagayo. Duk wannan iska ta cikin filta ɗaya take bi, wadda faɗinta bai wuce na faifai ba.

Iskar Abuja kuwa ba fanko take zuwa ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin wani makeken tafki da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Iska takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashi busasshen ƙasan kwarin, har masana ke ɗaukarsa wuri guda mafi fitar da ƙura a duniya. Kafin ƙurar ta iso Abuja manyan ƙwayoyinta sun zube a hanya, saura masu laushi kamar garin bula, irin waɗanda Hukumar NiMet ke gargaɗin jiragen sama a kansu. A kan wannan sai a ƙara jar ƙurar gida: ta unguwannin da kwalta ba ta kai ba a Lugbe, Kuje, Karshi da bayan Mararaba, da ta ayyukan tituna da suka yawaita a birnin tun daga 2023, da ta tifofin da ke jigilar tsakuwa daga Mpape.

Ƙura tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, wanda ya fi ƙarfen cikin inji tauri. Kaurin gashin mutum kimanin maikiron 70 ne, ƙwayoyin da suka fi cin inji kuwa tsakanin maikiron 5 zuwa 20 suke, ido ba ya ganin ɗaya-ɗayarsu. Idan suka tsallake filta sukan shiga tsakanin ringi da bangon silinda su riƙa gurzawa a hankali, wasu su gangara cikin baƙin mai su zaga da shi ko'ina. Babu ƙara, babu fitilar gargaɗi. Sai bayan shekara biyu ko uku mai mota ya ga yana ƙara baƙin mai kafin lokacin juye, salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, bakanike yana maganar sauke inji. A lokacin ba wanda zai tuna da filta.

Yadda ake auna filta

Akwai ma'auni na duniya da masana'antu ke gwada filtar iska da shi, ana kiransa ISO 5011. Ana ɗaura filtar a kan na'ura, a riƙa zuƙo iska ta cikinta, ana zuba mata ƙura wadda aka auna nauyinta, a bayanta kuma a sa wata matata mai kama duk abin da ya kuɓuce. Ƙurar gwajin ma tana da nata ma'auni, kuma asalinta daga hamadar Arizona ta Amurka ne. Abu uku ake nema: yawan tauye numfashin da filtar ke yi wa iska, kason ƙurar da ta tare, da yawan ƙurar da za ta iya ɗauka kafin ta toshe.

Wahalar aikin ita ce waɗannan ukun suna ja da juna. Filtar da ƙofofinta suka fi faɗi ta fi barin iska ta wuce, ta kuma fi barin ƙura ta wuce. Injiniyan da ya zana ta asali ya riga ya yi wannan ciniki, ya zaɓi takarda mai ninki da yawa domin a samu faɗi a ƙaramin wuri. Mai tallar ta musamman yakan ɗauko ɗaya daga cikin ukun, wato wucewar iska, ya rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin kwali.

Lambobin kason tacewa ma suna ruɗar mai saye. A ɗauka an rubuta wa wata filta kashi 99.5 cikin ɗari, wata kuma kashi 97. A ido tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma inji bai damu da ƙurar da aka tare ba, wadda ta wuce ita ce tasa. Cikin kowane giram 100 na ƙura, ta farko ta saki rabin giram, ta biyu ta saki giram uku, wato ninki shida. A garin da ke da tsabtar iska wannan bambanci zai daɗe bai nuna ba. A Abuja ta watan Janairu kuwa, lokacin da ake goge gilashin mota da safe a dawo da azahar a tarar ana iya rubutu a kansa, ninki shida ba abin wasa ba ne.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki game da filtar takarda: ta fi tacewa bayan ta ɗan yi datti. Ƙurar farko da ta kwanta a kanta takan toshe manyan ƙofofi ta zama wata matatar a kan matata. Saboda haka canza filta a kowane juye, don kawai ta ɗan sauya launi, asarar kuɗi ce, kuma kowane buɗe akwati wata dama ce ga ƙura ta faɗa cikin bututu.

Batun shan mai

Wannan ne alƙawarin da ya fi jan hankali, shi ne kuma ya fi rauni. A Fabrairun 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge, ta Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, ta fitar da rahoton gwajin da ta yi kan wannan tambaya. An ɗauki motoci uku na zamani masu injekta, ciki har da Toyota Camry ta 2003, wadda a nan ake wa laƙabi da Big Daddy kuma ta cika wuraren ajiye motoci na ma'aikatu, aka haɗa da tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireto. Aka toshe filtocinsu da gangan, aka gwada, aka sa sababbi, aka sake gwadawa.

A motocin zamani toshewar filta ba ta kawo wani sauyin a-zo-a-gani a shan mai ba. Abin da ya sauya shi ne tashi: da sabuwar filta lokacin da mota ke ɗauka kafin ta kai gudu ya ragu da kashi 6 zuwa 11. A tsohuwar mai kafireto ce aka ga ragin shan mai, kashi 2 zuwa 6, har zuwa kashi 14 idan toshewar ta yi tsanani. Idan filtar da aka toshe da gangan ba ta ƙara wa Camry shan mai ba, da wuya wadda ta ɗan fi sabuwar takarda sakin iska ta rage shi.

Dalilin a bayyane yake. Motar zamani tana da na'urar da ke auna iskar da ta shigo, ƙwaƙwalwar motar ta ba da mai daidai da ita, wata na'urar a bututun hayaƙi ta duba ta gyara lissafin. Iska ta ragu, mai ya ragu. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru. Kafireto ba shi da wannan dabara, idan filta ta toshe sai ya riƙa tsotso mai fiye da kima. Ke nan dattawan da suka yi aiki a zamanin Peugeot 504 da 505, lokacin da motocin kamfanin PAN na Kaduna ne motocin gwamnati, ba ƙarya suke yi ba in sun ce filta mai datti tana shan mai. A kan Fijo gaskiya ne. Maganar ce ta rayu bayan motocin da aka yi ta dominsu sun bar titi.

Batun ƙarin ƙarfi ma yana da sharaɗi. A injin fetur, abin da ya fi tauye iska shi ne murfin da totur ke buɗewa da rufewa. Direban da ke cikin cunkoson Nyanya ko na gadar AYA da ƙarfe bakwai na safe ƙafarsa ɗan taɓa totur kawai take yi, murfin kusan a rufe yake, shi da kansa ne ke hana inji iska da gangan. A wannan hali ko an cire filtar baki ɗaya ba abin da zai ƙaru. Sai an take totur har ƙasa, inji yana juyi kusa da iyakarsa, sannan bambancin filta ke bayyana, kuma a motar gida da ba a taɓa injinta ba ɗan kaɗan ne. Abin da direba ke ji a jikinsa galibi sauti ne. Akwatin asali an zana shi ne har don ya kashe ƙarar zuƙar iska, idan aka cire shi mota takan yi gurnani, kunne kuma ya shaida wa zuciya cewa ƙarfi ya ƙaru.

Mai, zafi da ruwa

Ba a ce filtar auduga mai mai ba ta da asali ba. Kamfanin K&N, wanda ya fi shahara da ita, a Kalifoniya ya tashi, cikin masu tseren babura, inda ake son filtar da za a wanke a mayar bayan kowane tsere, kuma injin tsere dama ana kwance shi a kai a kai. Ga wanda ya sayi ta gaske, ya kuma iya kula da ita, tana daɗewa. Sai dai kulawar ce ba kowa ke iyawa ba. Ana wanke ta da sabulunta na musamman, a bar ta ta bushe da kanta, sannan a shafa mata nata man daidai gwargwado. Man shi ne tarkon ƙurar. In ya yi kaɗan ta zama rariya. In ya yi yawa iska na iya kwasar shi ta shafa wa siririyar wayar na'urar auna iska da ke bayanta. A 2004 kamfanin General Motors ya aika wa dillalansa sanarwa cewa filtar da aka cika wa mai tana iya gurɓata wannan na'ura, har ta jawo matsalar sauya giya da kunna fitilar gargaɗi. K&N ya musanta cewa mansa na yin wannan ɓarna, yana kafa hujja da nasa gwaje-gwajen. Ko wanne aka gaskata, dukansu biyu suna magana ne kan filtar da aka yi wa hidima da kayanta, ba wadda aka wanke da fetur a bakin gareji aka shafa mata baƙin mai ba.

Mai siffar mazurari tana da ƙarin matsala. Akwatin asali yana zuƙo iska ne daga gaban mota, inda ta fi sanyi. Mazurarin da aka ɗaura tsirara a ƙarƙashin bonet iskar da ta ɗumama a jikin inji da lagireto yake sha. Iska mai zafi ta fi sakayau, kowane ƙarin digiri 10 yana rage nauyinta da kimanin kashi uku cikin ɗari, kuma ƙarfin inji da nauyin iskar yake tafiya. A zafin Maris da Afrilu, cikin cunkoso, abin da aka samu ta sakin iska ana iya mayar da shi ta zafi har da riba. Masu son kauce wa wannan sukan sauke bututun ƙasa kusa da bamba, sai kuma damina ta zo. Wanda ya san yadda ruwa ke cin titi a Lokogoma, ko ya tuna ambaliyar rukunin gidajen Trademore a Lugbe a Yunin 2023, ya san haɗarin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Kofi guda ya shiga silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin nan take.

Jabu ta fi kowa ɓarna

Masu sa mazurari ba su da yawa idan aka kwatanta da masu sayen filtar takarda ta yau da kullum, kuma a nan ne asarar ta fi yawa. Kasancewar filta ba ta kamfanin mota ba bai sa ta zama marar kyau ba. Kamfanoni irin su Denso, Mann da Mahle su ne ma ke yi wa masu ƙera motoci filta, suna kuma sayar da ita da sunansu. Matsalar ita ce wadda aka buga wa sunan waɗannan, ko na Toyota da Honda, a kwali mai sheƙi, alhali cikinta takarda ce marar kauri, ninkinta kaɗan, gam ɗinta yana ɓallewa idan ya ji zafi. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP tun 2005 domin tantance kayan da ake shigowa da su, amma kasuwar kayan gyara, daga Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ta fi ƙarfin a ce an duba kowane kwali.

Mafi munin aibin jabu a bakin robarta yake. Idan robar gefe ba ta zauna daram a cikin akwati ba, iska, wadda kullum hanya mafi sauƙi take nema, sai ta zagaye takardar ta wuce da ƙurarta. A nan kason tacewa ya zama zance. Haka abin yake idan maƙallin murfin akwati ya karye aka ɗaure da waya, ko bututun roba ya tsage a ƙasa inda ido ba ya kaiwa, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin motocin Kwatano.

Sai al'adar hurawa. Kusan kowane sabis a gareji yakan haɗa da a cire filta, a bubbuga ta a jikin taya, a kai wa mai faci ya hure ta da iska mai ƙarfi. Wasu littattafan mota sun yarda a hura a hankali daga ɓangaren mai tsabta zuwa waje, amma iskar kwamfuresa da aka manna wa takarda tana yaga zarenta ta bar ramukan da ba a gani. Filtar takan dawo fes a ido, ta fi da lalacewa.

Mai mota yana iya gano gaskiyar filtarsa ba tare da ɗakin gwaji ba. Ya buɗe akwatin, ya sa farin ƙyalle ya shafi cikin murfin da bakin bututun da ke tafiya inji. Wannan ɓangare ya kamata ya kasance tsaf. Idan ƙyallen ya fito da jar ƙura, ko filtar tana zuba ko bakinta bai rufe ba, komai sunan da ke jikinta. Ya ɗaga ta ga hasken rana ya duba ko akwai ɗigon haske mai kaifi, alamar huda. Idan zai sayi sabuwa, ya ajiye ta kusa da ta asali ya ƙirga ninki, ya matsa robar ya ji ko tana da laushi tana dawowa. Wanda kuma yake son ya gwada alƙawarin rage mai, ya cika tanki, ya rubuta lambar tafiya, ya sake cikawa a famfo ɗaya, ya yi haka sau huɗu ko biyar kafin canji da bayansa, domin bambancin cunkoson mako guda ya isa ya rufe duk abin da filta za ta iya yi.

Littafin Toyota na Amurka ya sa a canza filtar motoci irin su Camry da Corolla a mil 30,000, kusan kilomita 48,000, amma ya ce mai bin hanya mai ƙura ya riƙa dubawa a kowane mil 5,000. Motar da aka shigo da ita daga can da mil take ƙirga tafiya, abin da masu ita da dama ke mantawa. Mazaunin Abuja a sahu na biyu yake, aƙalla wata huɗu a shekara.

Ga hadimin da ke kula da motocin ofis lamarin ya fi tsada. Yawancin Land Cruiser ta 2021 zuwa yau da Hilux mai shan gas suna da tabo, wato farfelar da ke cusa iska cikin inji, mai juyi sama da sau dubu ɗari a minti, kuma ƙurar da ta tsallake filta fikafikanta take fara ci. Takardar ɗan kwangila takan ce an sa filta ta asali, kuma da wuya a samu wanda ya buɗe bonet ya tabbatar. Ofishin da ya sa a sharaɗin aiki cewa a rubuta lambar kayan a takardar biya, a kuma dawo da tsohuwar filtar tare da kwalin sabuwar kafin a sa hannu, ya rufe wannan ƙofa da aikin da bai wuce minti biyar ba.